Gogen da Ba Ya Kiran Kowa

Aji uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, aka cire ni, shi ya sa har yau ban iya karanta sunayen mutanen da suka tsara kiɗan Turawan nan da nake saurare ba. Ni na raɗa musu nawa. Akwai Masaƙi, wanda zai ɗauko zare ɗaya, kafin ka gama binsa ya jefo na biyu, na uku ya biyo ta ƙasa, kuma babu mai harɗewa da ɗan'uwansa. Akwai Mai Hadari, shi lallaɓa ka yake yi har ka saki jiki, sannan ya rufto maka. Matar fastonmu ta ce duk sun mutu tun ba a haifi kakannin kakanninmu ba. To, su huta lafiya. Ni dai Masaƙi ne nawa.

A wurin matar faston na fara jin su. Ta yi karatu a birni, ta zo ƙauyenmu na ƙasar Mayahi da ɗan kilabiye, ƙaramin piyano mai cin pil, wato batir, wanda take kaɗawa a majami'a ran Lahadi. Wata rana na je aron rariya na tarar tana sauraren wani abu a wayarta. Na ƙame a bakin ƙofa da goyona.

"Shigo mana, uwar ɗiya. Ko gadin ƙofa aka turo ki?"

"Mama, yaushe za su fara waƙar?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Babu waƙa. Haka yake har ya ƙare."

Ita ta zuba mini su a katin waya, ita kuma ta fara koya mini kilabiye duk Talata, bayan na gama daka. Yatsuna sun saba da taɓarya da hauya, in na danna ɗaya sai biyu su yi kuka. Na samu wani guntun katako na zana layukan da gawayi, ina do, re, mi a kansa ina jiran tukunya ta tafasa. Da ta ce hannun hagu zai yi nasa daban, na dama nasa daban, na ce wannan ai ba sabon abu ba ne ga mai tuƙa tuwo tana jijjiga goyo.

Uwar mijina, da muke kira Inna, ba ta damu da katakon ba. Abin ya tashi ne ranar da nake ɓarar gyaɗa a rumfa, ɗiyata tana kwance kusa da ni, wayata tana kaɗa wani na Masaƙi da ake yi da gogen Turawa shi kaɗai. Inna ta shigo da ƙwarya a hannu. Sai ji na yi ƙwaryar ta faɗi.

"Kashe shi! Wa ake kira?"

"Ba kowa, Inna."

"Ke yarinya, goge ba shi kuka haka kawai. Kowane iska da kiɗanshi. Ki aza ma jinjira wannan a kunne?"

Ba da wasa take ba. Uwarta ƴar bori ce kafin gidansu su shiga bin Almasihu, a gindin masu goge ta girma. A wurinta gogen da ba a yi masa waƙa, kiran iskoki ne.

Kwana uku bayan haka jikin ɗiyata ya yi zafi kamar an ɗauko ta daga murhu. Inna ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Kin gani," ta nuna mini wuta da baki, wai in ƙone katin.

Ba zan ɓoye ba, na tsorata. Ni ce fa mai kai yatsa bakin hancin yarinyar in tana barci, don in ji ko tana numfashi. Na cire katin, na tsaya da shi a kan garwashi. Sai na ce a raina, in sauro ne fa? In na ƙone shi na zauna ina jiran sauƙi, wa zai biya ni ɗiyata? Na ƙulle katin a bakin zane, na goya ta, na tari mai babur zuwa likita a Tasawa.

Majo, babban malamin asibitin, ya soki yatsanta, ya duba, ya ce palu ne, zazzaɓin cizon sauro. Na daure na tambaye shi ko kiɗa yana kawo irin wannan.

"Yana kawowa mana," in ji shi. "Kiɗan sauro. Kina da sange, gidan sauro?"

Da ɗiyata ta warware, maigidana ya ce in bar abin nan don a zauna lafiya. Na ce masa ban taɓa musa masa ba tun da na zo gidan, amma wannan ba zan bari ba. Abu ɗaya ne a duniya da ba don cikin wani nake yinsa ba.

Na ɗauki tabarma na shimfiɗa wa Inna a inuwa, na durƙusa.

"Inna, ke kin san kiɗan kowane iska. Ki saurara har ƙarshe. In kin gane wanda ake kira, ki faɗi sunansa, ni da hannuna zan jefa katin a wuta."

Na faɗa da ƙarfin hali, amma kasada ce. In ta ambaci suna ɗaya, ko na ƙarya ne, na riga na yi alkawari.

Ta sa aka kai ɗiyata gidan maƙwabta tukuna. Sannan na kunna. Ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi, tana bin sunayen iskokin ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu ta ɗaga yatsa kamar ta kama, gogen ya kauce, ta sauke. Da ya ƙare ta buɗe ido.

"Wanga mai goge bai san hanya ba," ta ce. "Ya nufi nan, ya koma can. Ko iska ya taso mishi, ɓacewa zai yi a daji."

"To in ci gaba?"

"Ni ban ce yana da amfani ba."

Ban ce ta ce ba. Ranar Talata na goya ɗiyata na bi ta gabanta da katakona a ka, na gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. Yanzu hannun hagu ya fara jin magana. Matar fasto ta ce kafin kaka mai zuwa zan iya ɗauko zare biyu na Masaƙi a lokaci guda. Na ce mata uku nake so.