Malam Halliru Mai Rairayar Taɓon Teku

Da ya sallame asuba a unguwar Deira ta Dubai, Malam Halliru zai duba takardar da ke faɗin lokacin janyewar teku. In ruwa zai janye da wuri, ko shayi ba ya jira. Shekara goma sha tara yana haka: takalmin roba har gwiwa, rariya a hannu, yana rairayar taɓo a gaɓar Dubai domin ɗakin binciken wata jami'a.

Abin da yake nema wata 'yar katantanwa ce ta ruwan gishiri, da kaɗan ta fi ƙwayar gero. Ɓawonta fari ne, murɗi biyar, da zane-zane sirara waɗanda sai a madubin ƙara girma ake gani. Tana maƙalewa a gindin ciyawar ruwa, inda yashi ya haɗu da laka. Abokansa na kago, masu aikin jigilar kaya, sun daɗe suna yi masa tsiya: mutum ya baro Kano, ya zo Dubai wankin taɓo!

Bara wani kamfani ya tashi cike wani lungu na gaɓar da ƙasa, ya ce babu abu mai rai a wurin. A nan Mahfuza, ɗaliba 'yar Zariya, ta yi shekara uku tana binciken digirinta a kan katantanwar. Malaminta ya ce samfurin shekara uku ba zai tsayar da kowa ba, khalas, magana ta ƙare.

Malam Halliru ya same ta a ɗakin binciken ta kifa kai a tebur.

"'Yata, shekara nawa suke so?"

"Baba, ko goma ce, ina zan samo?"

Ya buɗe wani kabad da ba mai kula shi. Ƙananan kwalabe ne jere, kowace da kwanan wata da wurin da aka ɗebo, da rubutun hannunsa. Ragowar samfur ce da ake ce masa ya zubar, shi kuwa yana ajiyewa.

"Ga na shekara sha huɗu. Yalla, taso, share hawayenki mu ƙirga."

Sati uku suna ƙirga katantanwar da ke cikin kwalaben. Da hujja ta isa gaban hukuma, aka matsar da aikin gaba, aka bar lungun da ciyawarsa. Mahfuza ta gama digiri. A rahoton da aka buga, sunan Malam Halliru bai fito ba, bai kuma tambaya ba.

Kai ne ka tsuguna cikin zafin Agusta kana tsince abin da wasu ke takawa ba su sani ba, Malam. Haƙurau, mai aikin da ba a tafa wa.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma gida. Mun gode, Baba Halliru, Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka. Mu da muka rage, duk ƙanƙantar aikin da aka damƙa mana, mu riƙe shi yadda ka riƙe naka.