Gwaggo Mai Gwajin Katifa

Ku masu karanta littafin soyayya a waya kuna sharar hawaye, kuna rubuta "wayyo ƙaddara" a ƙasa, ku matso ku ji labarin gwaggona, yayar babana.

Aikinta ɗinkin katifar auduga ne, a wani shago mai taga ɗaya. Maza su cusa auduga, ita ta bi da basilla ta ɗinke bakin. Amma kafin ta ɗinke sai ta cire takalmi ta hau ta kwanta, ta rufe ido, ta mirgina hagu, ta mirgina dama. Bayanta ne ke gaya mata inda auduga ta dunƙule.

A gida kuwa tabarma take kwana. Katifa ɗaya ce a ɗakinsu, ita ma ta Kaka ce, mahaifiyarsu, wadda ɓarin jikinta ya shanye tun bayan rasuwar mijinta. Gwaggo ce mai juya ta, mai wanke ta, mai shafa mata mai a baya don kada ya yi gyambo. Babana lokacin yana makarantar kwana. Kaka ta yi shekaru ba abin da take kallo sai silin da tabon ruwan da ke jikinsa.

Gwaggo ta ce min idan ta kwanta gwajin nan, takan ga ɗakin da katifar za ta je. Labule yana motsi, wani yana tari a hankali, jariri ya kama yatsan uwarsa. Idan ta buɗe ido sai ta ga auduga na yawo cikin hasken taga kamar ba ta da niyyar sauka, a bayanta kuma ga Tsoho yana kallonta.

Tsoho shi ne mai bugun auduga. Saurayi ne sharaf, audugar ce ta mai da gashinsa da girarsa fari fat, sunan ya bi shi.

"Hajiyar barci, a sauka, an iso tasha."

"Haba Tsoho, yanzu fa aka kawo min shayi a mafarki."

"Ina ciki?"

"Kana ciki mana. Kai ke wanke kofuna."

Haka suka yi ta yi har katifar soso ta cika kasuwa, aikin shago ya ja baya. Tsoho ya samu aiki a kamfanin soso a wani gari mai nisa, har da ɗaki ciki da falo. Ranar da zai faɗa mata bai yi wasa ba. Ya tsaya da sandar bugu a hannu ya ce, "Ina so mu tafi tare. Da aure."

"Inna fa?"

"Da ita. Ta ɗauki ɗakin ciki, mu mu ɗauki falo."

Gwaggo ta je gida tana tafiya kamar ƙasa ta yi laushi. Tana juya Kaka ta faɗa mata. Kaka ta ce, "Ni? In bi 'yata gidan miji, suruki na jin tarina ta bango? Allah ya kiyaye. Ki yi aurenki ki tafi."

"Wa zai juya ki?"

Kaka ta kalli silin. Amma ba ta janye maganarta ba.

Washegari Gwaggo ta ce wa Tsoho ya yi haƙuri. Ya koma yana bugun auduga har ta rufe shi. Daga ranar idan ta kwanta gwaji duhu kawai take gani, ba labule, ba jariri. Ta ji dunƙule, ta tashi, ta ɗinke. A gida ma hannunta ya yi sanyi. Kaka kuwa jikinta ne ya mutu, ba hankalinta ba. Ana saura kaɗan tafiyarsa ta ce, "Kira min mai farin kan nan."

Ya zo ya durƙusa a bayan labule. Kaka ba za ta yi masa magana kai tsaye ba, sai ta Gwaggo.

"Tambaye shi, motar da za ta kwashi kayan, a rufe take?"

"A buɗe take, Inna."

"Ba da kai nake ba. Tambaye shi, in mutum ya kwanta a baya, yana ganin sama?"

Wannan karon Tsoho ya jira, sai da Gwaggo ta maimaita masa tana dariya tana kuka.

"A faɗa wa Inna, tun daga nan har can."

Aka ɗaura aure ba hayaniya. Da safe aka shimfiɗa Kaka a bayan babbar mota, tsakanin tukwane da ƙafar gado, Gwaggo na riƙe da kanta. Tsoho ya shige gaba don kunya. Mota ta tashi. Wayoyin lantarki suka wuce, rassan bishiya suka wuce, sai sama kawai, shuɗiya, ba iyaka, da wani tsuntsu can ƙololuwa da ko fiffike ba ya kaɗawa. Iska ta zame wa Kaka ɗankwali, ta hana a gyara.

Sun yi nisa kafin ta yi magana.

"Buga masa gilashi. Ki ce na ce direban nan ya rage gudu, ban gama kallo ba."