Irin Tumatirin Inna

Har yau idan na taka tsakar gidanmu sai raina ya ɓaci. Siminti ne daga ƙofa har bakin kicin, an shafe shi sumul, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya yaba. Ni kuwa na san abin da ke ƙarƙashinsa.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta taɓa sayen tumatir ba tun da na yi wayo. Shekara arba'in da ɗoriya tana shuka iri ɗaya, wanda ta taho da shi daga wurin uwarta ƙulle a bakin zani. Tumatirin ba shi da kyan gani. Ƙanana ne, a murɗe, fatarsu ba kauri, da wuya su kwana uku ba su fashe ba. Amma guda biyar sun ishi tukunyar mutum goma, kuma miyar ba ta neman ƙarin komai. Na kasuwa kuwa takan ce ruwa ne aka sa wa jar riga.

Kunya uku ce kawai gare ta a jikin katanga. Da tokar murhu, da ɓawon ƙwai, da ruwan wanke shinkafa take ciyar da su. Idan 'ya'ya suka fara nuna, sai ta zaga ta zaɓi mafi kyau guda bakwai ko takwas, ta ɗaura musu jan ƙyalle. Waɗannan na iri ne, ba na tukunya ba. Sai sun nuna luguf take matse su a kan tsohuwar jarida, ta shanya a inuwa, ta naɗe, ta jefa a gwangwanin madara a saman kantar kicin. Duk ɗan gidan ya san dokar jan ƙyalle. Yayanmu ma ya fi kowa sani, don yana ɗan shekara bakwai ya tsinke ɗaya ya cinye, ludayi ya karye a bayansa.

Inna ba ta da rowa, kuma wannan ne ya cuce ta. Duk shekara matan layinmu kan yi sahu da robobinsu su karɓi dashe. Matar tela, matar direba, malamar makaranta, kowa da nata rabon. Tana ba su tana cewa, "Ku riƙa ajiye iri fa, ba kullum nake nan ba." Su yi dariya su ce Allah ya ja kwana.

Bara aka yi mata aikin ido. Likita ya hana ta sunkuyo da shiga hayaƙi, sai na ɗauke ta zuwa gidana na sati uku. Kafin mu fita, da ido ɗaya ta zaga ta ɗaura ƙyallayenta, ta bar wa Yaya mukulli ta ce ya riƙa ba su ruwa safe da yamma.

Ruwa kam ya ba su, haɗe da yashi da tsakuwa. Ranar da na mayar da ita, muka tarar da shi tsaye yana washe baki, motarsa na zaune daidai inda kunyoyin suke. Ya gyara kicin ma. An sa sabbin akwatunan bango masu ƙyalli, an kwashe abin da ya kira tarkace an kai bola.

Inna ta daɗe tana kallon ƙasa da sabon idonta. Sannan ta ce, "Ina gwangwanina?"

"Wane gwangwani, Inna? Ai duk masu tsatsar nan an zubar. Yanzu ba taɓo, ba sauro, ba za ki zame ki faɗi ba."

Ni ce na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, ba ka ga jan ƙyalle ba?"

"Na gani mana. Ke ma da neman magana kike, Auta. Tumatir ne fa. Kwando nawa take so? Gobe a kawo mata."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na gaya masa ba don Inna ya yi ba, don tayar motarsa ya yi, kuma garin neman gira ya rasa ido. Ya ce ba ni da kunya. Inna ta ɗaga hannu ta ce mu yi mata shiru, ita ba ta mutu ba tukuna, kuma irinta yana gida goma a layin nan.

Washegari da hantsi na riƙe mata hannu muka bi gida gida. Matar tela ta ce nata sun ƙare tun watan jiya, duk ta jefa a miya. Matar direba ta ce awaki sun cinye nata. Malamar makaranta, wadda nake ganin ta fi su hankali, ita ce ta faɗi gaskiyar da ta fi ƙona min rai: "Wallahi Inna ban taɓa ajiyewa ba. Na san kullum akwai a wurinki." Gida goman nan duk muka shiga. Shekara da shekaru suna cin gumin tsohuwa, amma ba wadda ta iya matse tumatir ɗaya a kan takarda.

A hanyar dawowa ina ta zazzaga masifa, na zagi Yaya, na zagi maƙwabta. Inna ta bari sai da na gaji, sannan ta ce, "Auta, ke ina wanda na ba ki da za ki tare?"

Laifi tudu ne. Na manta shaf da ta taɓa ba ni. Na koma gida na birkice ɗakin girkina, na same shi a ƙasan aljihun kanta kusa da murhu, tare da tsofaffin batura da murafen kwalba. Shekara tara yana nan yana shan zafi da laima. Jaridar ta yi baƙi, ƙwayoyin sun manne kamar ƙurar gero. Ko sau ɗaya ban taɓa shuka shi ba, don ni ma duk sati ana aiko min da roba cike daga gida.

Duk da haka ta karɓa. Ta sa na huda gindin tsohon bokiti, muka cika shi da ƙasa da toka, muka ajiye a kan simintin Yaya. Kullum da safe takan yayyafa ruwa da yatsunta, ta sunkuya duk da hanin likita, ta duba. Sati ɗaya, sati biyu, sati huɗu. Ciyawa ce kawai ta fito, ita ma ta bar ta kwana uku don ta tabbatar.

Yaya ya cika alkawari, ya aiko da kwando guda. Ta sa aka rabar a layi, ko ɗaya ba ta taɓa ba. Wata biyu tana girki ba tumatir, tana cin abinci fari kamar mai jinya.

Jiya na je gaishe ta, na ga an kife bokitin a bayan kicin. Da zan tafi ta kira ni.

"Auta, in za ki kasuwa ki sayo min tumatir."

Na ce, "Wane iri, Inna?"

Ta ce, "Ko wanne kika samu. Ai duk ɗaya ne."