Gwangwanin da Ban Buɗe Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da aka ɗauki ƙanena Sale mai hoto daga gidanmu na unguwar Sih a nan Madina aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Allah ya jiƙansa. Duk shekara in watan ya kama nakan dafa shinkafa in raba wa maƙwabta, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi zama, domin akwai wani gwangwanin fim nasa a ƙasan akwatina, kuma jibi zai bar gidan nan. Ban shiga makaranta ba, maƙwabcinmu malami ne ke riƙe da alƙalami, amma na ja masa kunne kada ya gyara mini ko kalma ɗaya. Matan Hausawan Madina sun san ba a gyara wa bakina zance.

Ni na goyi Sale a Sudan, lokacin da iyayenmu suka yada zango a kan hanyar hajji, zangon da ya ci shekaru. Da muka iso nan ya koyi ɗaukar hoton takardu, daga baya ya sami aiki a wani shagon hoto a garin Yanbu. A can ya haɗu da wani gwanin hoto da ake kira Usta Agob, Kirista, ɗaya daga mutanen Armeniya, waɗanda Larabawa ke ce wa Arman. Sale ya ba ni labarin cewa an taɓa korar kakannin Agob daga ƙasarsu da ƙafa, suka watsu a duniya. Shi da abokansa, wani makaɗi, wani mai zane, wani tela, kowa a garinsa, sun daɗe suna haɗa ƙarfi don su yi fim a kan tsofaffinsu, yadda suke gasa gurasa da waƙoƙin da suke yi wa jarirai. Ba gwamnati a bayansu, ba attajiri. Wanda ya samu ya aika, wanda bai samu ba ya ba da aikin hannunsa.

Ran da Sale ya dawo da wannan labari ko abinci bai tsaya ya ci ba. Ya ce, "Yaya, su an kore su da ƙafa, mu kuma mun zo da ƙafa. Ina fuskokin namu tsofaffin?"

Na ce, "Suna wuyansu, inda Allah ya ajiye su. Ci tuwonka."

Bai ji ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai ga shi hannuwa sun taru. Wani mutumin Chadi mai rubuta allunan shaguna a unguwar Anbariyya ya sayar da rediyonsa ya kawo gudummawa. Zabiyar bukukuwanmu ta cire warwaronta. Agob ya ba da aron kyamara, abokansa kuwa, mutanen da ba su taɓa ganin Bahaushe ba, suka rage daga nasu kayan suka aiko da gwangwani huɗu na fim. Na'urar ba ta ɗaukar murya. Sale ya ce in an wanke, ni zan zauna in ɗora magana a kai, in faɗi wace ce wannan, daga ina ta taso, wa ta binne a hanya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Wa zai kira in ba ni ba?

Kwana uku yana ɗauka a tsakar gidanmu bayan la'asar. Tsofaffi suka zo da taɓarensu. Gwaggo Talle, wadda ta baro ƙasar Katsina tana amarya ta iso Madina da furfura, ta nuna yadda ake ɗaure tulu a ka in za a ƙetare rafi, ta miƙa tafin ƙafarta ga kyamara ta ce, "Ɗauki wannan, ɗan nan, ita ce fasfo ɗina." Aka bushe da dariya. Ni ma na yi, har mayafina ya zame, kuma na ga bakin na'urar yana kallona.

Tun daga ranar tsoro ya shige ni. Wata maƙwabciya ta ce duk wanda ya shiga fim sai an haska shi a majigi a ƙasashen waje, maza na zaune suna kallo. Wata ta ce ai masu duba takardu ma suna kallo, ga shi Gwaggo Talle ba ta da iƙama, takardar izinin zama, ba ta ma san launinta ba. A lokacin, jin an ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi ya isa ya sa tsohuwa ta shige bayan randa. Na riƙa ganin an sa Gwaggo a jirgin ruwa an mai da ita garin da ba wanda ya san ta, saboda wasan ƙanena. Ba wanda ya taɓa zuwa nemanta, amma ranar ban san haka ba.

Da na tambayi Sale da an wuce wurin. To, ta yaya zan tambayi yaron da na yi wa tsarki? Na bari ya fita sallar azahar, na kwaso gwangwanayen daga inda yake ajiye su kusa da randa saboda sanyi, na hau saman gida inda rana ta fi haske, don in gani da kyau. Na ɓare baƙin salatif, na warware na farko, na ɗaga shi sama. Ba kowa a ciki. Na biyu ba kowa. Na uku haka nan. Wallahi har hamdala na yi, na ce ashe abin bai kama ba, asirinmu a rufe. Na naɗe su tsaf na mayar. Na huɗun yana hannuna na ji motsin Sale a zaure, sai na cusa shi a zanena.

Da zai koma Yanbu ya ce, "Yaya, ba huɗu ba ne?"

Na ce, "Uku na gani."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ɗauki jakarsa. Bayan watanni fim ya dawo daga wurin wanki fari fat. Abin da ya ce mini kawai shi ne zafin Madina ya cinye su. Kafin nan Gwaggo Talle ta rasu, biyu daga cikin tsofaffin sun bi ta. Ya mai da wa Agob kyamararsa, bai ƙara tara kowa ba, kuma bai ƙara shekara biyu a duniya ba.

Agob ya zo ta'aziyya, amma tunda ba Musulmi ba ne, iyakarsa bakin haddin Harami. Na sa aka kai ni can, muka tsaya a gefen titi, motoci na wucewa. Da Larabcinsa mai karaya ya ce, "Ya Hajja, na so in yi faɗa da masu wankin, Sale ya hana. Ya ce hasken gida ne ya shiga, kuma bahago ne ya naɗe." Ni kaɗai ce bahaguwa a gidanmu. A nan, a bakin titi, na fara sanin cewa fim ɗin da ba a wanke ba rana ke kashe shi. Rashin sani ya fi dare duhu, ni kuwa nawa da tsakar rana na yi shi.

Ina yawan tunanin abin da Sale zai ce da ya ga yau. Bidiyo ta shiga gidaje, har mata ke ɗaukar bukukuwa, amarya ta kalli kanta kafin lallenta ya goge. Na san zai yi murna da na'urar, sannan ya waiwaya ya ce ina waɗanda za a ɗauka? Masu tahowa da ƙafa sun ƙare saura ƙalilan. Lungunan da muka sani ana ta rushe su. Jikokina suna jin Hausa sarai, amma in na ja musu labarin hanya sai su ce da Larabci, "Aiwa ya sitti," wato to kaka, idonsu na kan talabijin. Dā ina tsoron kada a gan mu. Yanzu abin da ke hana ni sakat shi ne kada a wayi gari ba wanda ya san an yi mu.

Makon jiya Agob ya aiko cewa su sun gama nasu fim ɗin bayan shekaru da yawa, biyu daga cikin abokan ba su kai ga gani ba, shi ma zai bar Yanbu gaba ɗaya. Na aika masa da gaskiyar da na riƙe shekara goma sha uku. Amsarsa gajeriya ce: kada in buɗe gwangwanin da ya rage, in naɗe shi cikin bargo in aiko, abokansa za su wanke. Ya ce zafi na iya cinye shi, bai yi mini alkawari ba.

Ina tsoron ya dawo fari, in tabbata ni na shafe su duka. Ina kuma tsoron ya dawo da mutane, in zauna gaban Gwaggo Talle tana dariya, bakina ya ƙi buɗuwa. Sale bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Ya bar mutane masu harshe daban da addini daban da har yau suke ɗaukar aikinsa kamar nasu, ya kuma bar wa yayarsa mutuncinta, ya tafi kabari bai ce mata ke ce ba. Wannan ya fi mini nauyi a kan duk abin da ke cikin gwangwanin.

Na riga na gaya wa mai alƙalami, ko da hoto ko ba hoto, ranar da saƙo ya dawo zan tara jikokina in fara kiran sunayen tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta. Goma sha huɗu ne suka zo tsakar gidan nan. Yau da safe na ƙirga, na tuna goma sha biyu.