Zauren da ya tsare mu

Shekarar da sojoji suka koma bariki ina aiki a ofishin jin daɗin jama'a. Aka ce daga yanzu in an kawo ƙarar miji mai duka, mu tafi tare da ɗan sanda. Na yi murna, ni da na gaji da zuwa gidajen mutane da fatar baki.

Wata tsohuwa ta kawo mana maganar maƙwabciyarta a Yakasai, matar wani tela. Muka bar mota a bakin titi, ni da wani saje, muka kutsa lungu. A bangon zauren an rubuta "Ba a shiga" da gawayi. Saje ya ja birki, ya yi sallama da maigida. Shi kuwa telan ya fito da fara'arsa, ya shimfiɗa tabarma, har da goro.

Ni na shige ciki. Na tarar da matar tana tankaɗe da hannun hagu, na daman ya kumbura suntum.

"Tashi mu tafi asibiti," na ce.

"Hajiya, ban tambaye shi ba."

Ƙofar gidan ɗaya ce, kuma a nan yake zaune. Na koma zaure na ja saje gefe. Ya ce, "Hajiya, in ta fito ta faɗa da bakinta, yanzu zan tafi da shi. Amma in shiga wajen matan aure a cikin birni? Jifa za a yi mana."

Na koma na yi ta lallashi har ta ɗauki mayafi. Muka iso ƙofar da ke tsakanin tsakar gida da zaure. Telan bai ko ɗago kai ba, gyaran murya kawai ya yi. Ta tsaya cak, ta zare mayafin.

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan wanke shi tas, don ni ba a san ni da haɗiye magana ba. Sai ta kama gefen zanena.

"Don Allah ki yi masa sallama da kyau," ta ce a hankali. "In kin tafi, ni za a bari da shi."

Na russuna a gaban mutumin nan, saje na kallo, na ce, "Malam, mun gode da karɓa. A yi mana haƙuri."