Sakainar Inna

Inna ta rasu a shekarar da aka samu 'yancin kai, ana saura wata biyu bikin. Mutane suka cika gidanmu a Tambuwal suna kuka, ni kuwa ina zaune gindin rumbu ina kallon takalmansu. Na jira kukan ya zo mini, bai zo ba. Bayan sadakar arba'in Goggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Kebbe ta tafi da ƙanwata riƙo. Shekarunta huɗu a lokacin.

Inna mai zanen ƙwarya ce. Matan Fulani kan kawo mata ƙorai ta yi musu ado da 'yar wuƙa. Da aka raba kayanta, abin da na tsinta a bayan ɗaki sakaina ce guda, guntun ƙwaryar da take dama mana fura, da zanen ƙadangare a jiki, wutsiyar ta tafi da ɗaya ɓangaren.

Ana gab da bikin, malamin ajinmu ya ce kowa ya yi katin gaisuwa. Ni ban iya zane ba. Na taɓa zana raƙumi, malam ya tambaya tukunyar wa ta fashe. Sai na shafa wa sakainar tawadar allo, na ɗora ta kan takarda. Da yake a lanƙwashe take, sai an mirgina ta a hankali daga baki zuwa baki. Na ɗaga, ga ƙadangare fari fat a tsakiyar baƙi.

"Wa ya koya maka wannan?" in ji malam.

Na ce wani Bature ne a mafarki. Na sha ranƙwashi, katin kuma ya hau bango.

Daga nan sana'a ta buɗe. Nakan samo takardar buhun siminti, in yanka, in ninke, in ɗinke tsakiya da zare, in buga ƙadangare a bangon ɗan littafin. Yara na kawo ƙuli-ƙuli da goruba suna karɓar 'yan littattafai, da Sallah kuma kati. Ƙadangarun da na buga sun fi na garukan Tambuwal yawa, har na soma zargin na gasken suna hararata. Duk bugun nan ban taɓa tuna Inna ba. Ƙuli-ƙulin nake tunawa.

Bayan shekara biyu Baba ya dawo daga Kebbe. Muna cin tuwo ya ce, "Yarinyar ga ta koma ce ma Goggonku Inna." Ya faɗa kamar mai ba da labarin damina, ya ci gaba da loma. Na rufe ido na nemo fuskar Inna, sai hannunta kawai na samu riƙe da wuƙa. Idan ni ɗan sha biyar haka nake, me ya rage wa ƙanwata?

Na ciro farar takarda daga tsakiyar littafin lissafina, na roƙo shuni a marina, na ɗinka littafin da ya fi kowane kyau. Da hutu na hau babbar mota zuwa Kebbe, sakainar na aljihu. Hanyar ta girgiza mu har sai da na ƙirga haƙorana da muka sauka.

Goggo na tankaɗe a tsakar gida. "Lale da ɗan boko. An ce kai ka kiwon ƙadangaru yanzu?"

"Garke guda, Goggo. Na kawo miki na layya."

"Rufe man baki, ja'iri."

Ta kira ƙanwata. Ta fito ta yi tsawo, ta laɓe bayan zanen Goggo tana leƙena. Na miƙa mata littafin, ta karɓa da hannu biyu.

"Kin san wanga zane?"

Ta duba, ta juya shi sama da ƙasa. "Kifi ne?"

"Ƙadangare ne. Wa ka yin irinsa?"

"Kai."

Goggo ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba. Na tsaya ina jiran wani abu ya motsa a ƙirjina, ko haushi ne. Yunwa kawai na ji. Na ciro sakainar na ba ta, don ban san me zan yi da ita kuma ba.

Ba ta ko kalli zanen ba. Ta juya ta, ta sa hanci a cikinta, wajen da ban taɓa shafa wa tawada ba. Ta daɗe a haka.

"Yaya, furar Inna," ta ce. "Waccan Innar."

Rariya ta tsaya a hannun Goggo.

Na karɓa na shinshina. Na sake, har sai da kaina ya sara. Tawada na ji, da gumin aljihuna.

Na mayar mata. Washegari na koma Tambuwal ba sakaina. Yara suka yi ta zuwa da goruba suna neman littafi, na ce musu ƙadangaren ya yi ƙaura zuwa Kebbe. Suka yi dariya, ni ma na yi.