Kanwa a Randar Lajidan

Shekara huɗu na yi ina wanke wa wani lajidan, Nasara hafsan soja, hoto a barikin Tanut. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina gane rubutun jikin kwalba, shi ya sa ya ba ni mabuɗin ɗakin duhu. Tafintan bariki ya daɗe yana son mabuɗin nan ga ƙanen matarsa. Na sani, ya san na sani.

Magani biyu gare mu. Akwai farin gari na cikin takarda, mai sauri, amma in zafi ya yi yawa sai ya ƙone hoto. Akwai kuma mai rina yatsu kamar lalle. Shi nake zaɓa in an ɗauki hoto da rana tsaka, don yana fito da farar riga da baƙar fuska gaba ɗaya. Ruwan haɗi kuwa daga randar gidan lajidan nake ɗiba, ita ta fi sanyi.

Wata bazara lajidan ya tafi Tarka ya ɗauko hotunan rijiyoyi, waɗanda kumandan na Damagaram ke jira. Na toshe ƙofa da bargo, na haɗa magani yadda na saba. Fim na fari ya fito baƙi ƙirin. Na biyu ma haka.

Lajidan ya yi magana, tafinta ya juya mani: "Ya ce ka saida garin ka cika da toka."

"Shi ya ce, ko kai ka ce?"

"Malam, ni baki ne kawai."

Aka ba ni kwana uku, ko in kawo dalili ko in aje mabuɗi. Ban yarda da kowa ba. Na shinshina kwalabe, na ɗaura zare a ƙofa, har gardi na bi da ido. Ran na uku ƙishirwa ta sa na kurɓi ruwan randar. Kanwa!

Na tare kukun lajidan, dattijo ne mai furfura. "Baba, wa ya sa kanwa a randa?"

"Ni mana. Cikin Nasara na ta kuka kwana biyu, in bar shi ya mutu?"

"Wa ya ce ka sa?"

Ya ci gaba da murza fulawa bai dube ni ba.

Na ɗebo ruwan rijiya na wanke fim na uku a gaban lajidan, ya fito sarai, har igiyar guga ana gani. Ya ɗaga shi ga haske ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce mai wanke hoto da ba ya ɗanɗana ruwansa ba ma'aikaci ba ne. Kuku dai ba a taɓa shi ba, shi kaɗai ya iya burodi a Damargu duka. Ni aka karɓe wa mabuɗi, aka maida ni dakon kaya.

Sati bai cika ba ƙanen matar tafinta, wanda aka ba mabuɗin, ya zo har gida, wai in koya masa awon magani. Na ce ya je ya tambayi kuku.